Su Wa Ke Dariya a Cikin Akwatin? Yadda Sauti Ke Juya Mai Kallon Wasan Barkwanci



Yau kunne za mu ba aiki, ido ya ɗan huta. Mun saba in an zauna hirar fim sai musu ya kaure a kan wane jarumi ya fi iya aktin, wace jaruma ta fi iya sa kaya, wane darakta ke da kyamara mai tsada. Da wuya ka ji wani ya ce, "Kai, wanda ya haɗa sautin wasan nan ya san aikinsa." Alhali kuwa rabin dariyar da kake yi, da rabin tausayin da ke kama ka, ta kunne suke shiga. An ce gani ya kori ji, to amma a harkar barkwanci sau da yawa ji ne ke jan ragamar gani.

Bari in fara da abin da ya sa na soma lura da wannan. Ina yaro na je hutu Bakura gidan kakata, wani kawuna ya zo da faifan Mr. Bean, aka tada janareta, yaran unguwa suka cika tsakar gida. Muna ta ƙyaƙyata dariya, ita kuwa tsohuwa ta zuba wa talabijin ido ba ta ce uffan ba. Can sai ta taɓo ni ta ce, "Kai maigidan, su wa ka dariya cikin akwatin ga? Ni dai mutum guda nika gani."

Na ce, "Turawa ne, Kaka."

Ta ce, "To ina sunka ɓoye?"

Aka yi mata dariya, amma babu wanda ya iya ba ta amsa a cikinmu. Sai da na girma na fara taɓa harkar tace bidiyo sannan na gane cewa tambayar da ta yi ita ce tambayar da ta dace.

Mece ce dariyar aro?

Dariyar aro ita ce dariyar taron jama'a da kake ji a cikin wasan barkwanci ba tare da ka ga masu yin ta ba. Turawa suna yi mata laƙabi da dariyar gwangwani, wato an ɗura ta an ajiye kamar tumatirin gwangwani, duk sanda ake buƙata sai a fasa a zuba. Iri uku ce:

Ta farko, a tara 'yan kallo na gaske a cikin situdiyo, a yi wasan a gabansu, a rataya makirfo a samansu a ɗauki dariyarsu. Haka aka yi wa wasan I Love Lucy na Amurka da ya fara a 1951, haka kuma aka yi wa Friends daga 1994 zuwa 2004.

Ta biyu, a ɗauki wasan babu ɗan kallo ko ɗaya, daga baya mai haɗa sauti ya ɗauko dariyar da aka naɗa tuntuni ya jera ta duk inda ya ga dama.

Ta uku, gauraye. Akwai 'yan kallo, sun kuma yi dariya, amma a wajen tacewa sai a yi mata kwaskwarima: inda ta yi sanyi a ƙara mata gishiri, inda ta yi tsawo har ta danne maganar jarumi a datse ta. Ko wasannin da ake yi a gaban jama'a ba su cika tsira daga wannan gyaran ba, domin in an maimaita fitowa ɗaya sau huɗu, dariyar ta huɗu ba za ta kai ta farko ba.

Daga ina abin ya samo asali?

Dabarar ta girmi talabijin. A ƙarni na 19, gidajen wasan kwaikwayo na birnin Faris a Faransa suna ɗaukar hayar mutane su zauna cikin 'yan kallo, wasu aikinsu tafi, wasu kuka, wasu kuwa dariya kawai aka ɗauke su su yi. Da sun fara sai sauran jama'a su bi.

A talabijin kuwa, wasan Amurka mai suna The Hank McCune Show na shekarar 1950 shi ake lissafawa a matsayin na farko da aka liƙa wa dariyar aro. Amma mutumin da ya mayar da abin sana'a shi ne Charles Douglass, injiniyan sauti a tashar CBS. A wajajen 1953 ya ƙera wani akwati mai maɓallai kamar na tafireta, a cikinsa akwai zaren kaset 32 ɗauke da dariya iri-iri har 320: ta maza, ta mata, ta yara, ƙyaƙyatawa, murmushi mai ɗan sauti, har da tafi. Yana danna maɓalli da yatsu yana taka feda da ƙafa don tsawaita dariyar ko gajarta ta, kamar mai kaɗa fiyano. Kwaɗo yake sa wa akwatin don kada wani ya ga cikinsa. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa farkon 1970, kusan duk dariyar aron da ake ji a talabijin ɗin Amurka daga akwatinsa take fitowa. Ya rasu a 2003.

Ku duba fa, mutum ɗaya a ɗaki, shi ke yanke wa miliyoyin mutane hukuncin inda za su yi dariya da tsawon da za ta yi.

Me ya sa take kama mu?

Dalili shi ne dariya abar yaɗuwa ce kamar hamma. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Provine, ya daɗe yana bibiyar yadda mutane ke dariya a rayuwar yau da kullum, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan ninki 30 idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. A 2019 kuma, Farfesa Sophie Scott da abokan aikinta a jami'ar UCL da ke Landan suka ɗauki barkwanci 40 marasa wani armashi suka sa mutane su saurara su ba su maki. Waɗanda aka liƙa wa dariya sun fi samun maki, kuma dariyar da ta fito daga zuci ta fi ta ƙaƙale tasiri.

Mu dai ba sai an kai mu Landan ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa ya san akwai mutumin da in ya fashe da dariya, ko ba ka ji abin da aka faɗa ba sai ka tsinci kanka kana yi. Dariyar aro majalisa ce ta haya: an kawo maka abokan zama don kada ka ji kai kaɗai ne.

Tana da wani aikin kuma, wato ba ka izini. Idan jarumi ya faɗi daga kan babur aka ji dariya ta tashi, zuciyarka ta samu labarin cewa bai ji ciwo ba, wasa ne. Idan aka yi tsit, ko aka sa kiɗa mai sanyi, faɗuwar nan guda ɗaya sai ta koma hatsari. Hoton bai sauya ba ko kaɗan.

Mu ma da namu tun fil azal

Kada wani ya ɗauka Bature ne ya fara gano cewa mai magana yana buƙatar mai amsa masa. Tun a ɗakin tatsuniya, in tsohuwa ta ce gatanan gatananku, ba ta ci gaba sai yara sun amsa. A gidan biki, guɗa ce ke sanar da kowa cewa an zo wurin farin ciki. A fagen dambe ko a ƙofar fada, sanƙira yana gefen makaɗi yana jefa kirari, yana nuna wa jama'a da hannunka mai sanda inda ya kamata tsikar jikinsu ta tashi.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin haka, domin ƙasarmu ce ta fitar da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da duniya ta sani da Ɗanƙwairon Maradun, wanda ya rasu a 1991, da kuma Malamin Waƙa Sa'idu Faru daga Faru ta ƙasar Maradun. Ka kunna kowace waƙar Ɗanƙwairo ka bar sauraron kalmomin, ka bi yadda muryoyi ke tafiya. Jagora zai ɗauko magana, kafin ya dire 'yan amshi sun cafe, wasu su ƙara, wasu su karɓe daga bakin wasu, abin da manazarta waƙar baka ke kira karɓeɓeniya. Kotso kuwa yana ƙasa, ya san lokacin da zai lafa don magana ta fito, ya san lokacin da zai taso. Wannan shi ne haɗa sauti tsantsa, an yi shi da baki da hannu, babu kwamfuta babu na'ura. Bambancin 'yan amshi da akwatin Douglass ɗaya ne: su 'yan amshi suna jin abin da jagora ya faɗa kafin su amsa. Akwati ba ya ji.

Barkwancin Hausa a talabijin: ina dariyar take?

Iyayenmu sun sha kallon Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, da Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, duka daga Kaduna. Ƙarfin Samanja a muryarsa yake: tsawar soja, Hausar bariki da aka cakuɗa da Turanci, da yadda yake sauya murya tsakanin gaban na sama da shi da gaban kurata. Shi ya sa wasan ya karɓu a rediyo kamar yadda ya karɓu a talabijin. Ko ba ka ga gashin bakin ba, kunnenka ya ishe ka.

Da finafinan bidiyo suka zo, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya riƙe kambun camama. Finafinan camama ba su dogara da dariyar aro irin ta Turawa ba. Abin da suka dogara da shi fiyano ne, irin ƙirar Yamaha da situdiyoyin Kano suka rungumi aiki da ita tun shekarun 1990: ɗan kiɗa mai tsalle-tsalle in jarumi zai yi wauta, wata 'yar ƙara in an kai masa duka, sannan waƙar kwaikwayo da ake juya ta wani ta koma abin dariya. Daga baya tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo zamanin wasanni masu dogon zango, ciki har da Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi da ya fara a 2019, inda Sulaiman Bosho ya fito a attajiri marowaci da 'ya'yansa suka sa dukiyarsa a gaba. In ka saurari wasan da kyau za ka ji yawancin dariyar a cacar baki take: wannan ya faɗa, wancan ya mayar, wani ya katse. Irin wannan barkwancin, in murya ɗaya ta nutse, dariyar ta tafi da ita.

Me ya sa a da ba mu damu da dariyar aro ba? Saboda ba ma kallo mu kaɗai. Talabijin ɗaya ce a layi, ko a gidan kallo, ko a teburin mai shayi. Dariyar tana nan zaune kusa da kai a kan benci, da ranta da lafiyarta.

Yanzu kuwa kiɗa ya sauya. Kowa da wayarsa, ya toshe kunne da iyafis, ya shige ɗaki. Ko a watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, kallon bai tsaya ba, shagunan masu tura finafinai a memori ne suka ɗauki nauyin. Na lura a makonnin nan a Mafara mutane sun ɗan koma kallon taro, mutum biyar a kan waya ɗaya, kuma wasannin da na sha kallo ni kaɗai ban ko murmusa ba sai ga shi ina riƙe ciki. Da layi ya dawo kowa ya koma ɗakinsa. Wannan kaɗaicin shi ya buɗe wa dariyar aro ƙofa a gajerun wasannin TikTok da YouTube da Facebook, inda yanzu za ka ji dariya iri ɗaya tak tana yawo daga wannan bidiyo zuwa wancan har ka haddace ta.

Kayan miyar mai haɗa sauti

Abin da 'yan situdiyo ke kira miksin shi ne daidaita sautuka daban-daban su zama abu ɗaya. Kayan haɗin biyar ne.

*Murya.* Ita ce tuwon, sauran duk miya ne. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan hez 20 zuwa 20,000, amma abin da ke sa a rarrabe kalma da kalma ya fi taruwa tsakanin 1,000 da 4,000. In kiɗa ya cika wannan gurbin, za ka ji ana magana amma ba za ka gane me ake cewa ba.

*Kiɗa.* Shi ke gaya wa zuciya yanayin da ake ciki. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce kiɗa ya sunkuya in ana magana, ya yi ƙasa da murya da kamar desibel 15 zuwa 20, in an yi shiru ya ɗago. Don ku gane girman wannan tazarar, ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙara sau biyu.

*Ƙararraki.* Buga ƙofa, mari, faɗuwar kwano, takun takalmi. Yawancinsu ba a wurin ɗaukar fim ake samun su ba, daga baya ake ƙirƙira su a liƙa. Marin da ya yi ƙara fiye da kima yana ba da dariya, wanda ya yi ƙarar gaskiya yana ba da tsoro.

*Sautin wuri.* Kowane wuri da numfashinsa. Kasuwar Talata da hayaniyarta, zaure da amsa-kuwwarsa, bakin madatsar ruwa ta Bakolori da iskarta da kukan tsuntsaye. Ƙwararru kan sa kowa ya yi tsit na kamar minti ɗaya bayan an gama ɗauka, su naɗi shirun wurin, don su cike giɓin da ke tsakanin maganganu. In ba a yi haka ba, za ka ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa kamar wutar NEPA.

*Shiru.* Wannan ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi tsada. Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Ɗan tsayawar da ɗan wasa ke yi kafin ya saki kalmar ƙarshe, a nan dariyar take ƙunshe. Mai tacewa ya datse rabin daƙiƙa daga wurin, barkwancin ya mutu.

Abin da ya sa Hausa ta fi buƙatar murya mai tsabta

Harshenmu harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Gari na zama da garin tuwo, tsawon wasali da karin sauti ne suka bambanta su. Ga kuma ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda in sauti ya dushe sai su koma b da d da k, ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata. Barkwancin Bahaushe kuwa ya ta'allaƙa sosai a kan wasa da harshe: baƙar magana, habaici, santsin baki, kwaikwayon karin wani gari. In ɗan wasa ya juya harshe zuwa Zamfarci don ya ba da dariya, ya ce "mi kaka hwaɗi", amma ƙarar janareta ko dariyar aro ta hau kan maganar, to an yi asarar fitowar gaba ɗaya.

Ga kuma sifikar waya, wadda yawancinmu da ita muke kallo. 'Yar ƙarama ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Abin da ya yi daɗi a manyan sifikun situdiyo yana iya zama hayaniya a waya. Ƙure ƙara ma ba ya taimako: YouTube yana rage duk bidiyon da ƙararsa ta wuce ma'aunin da ya ajiye, wajajen -14 a sikelin LUFS, su kuma tashoshin talabijin na Turai tun 2010 suka tsayar da nasu a -23. Wato in ka cika ƙara don ka fi kowa, na'ura za ta mayar da kai daidai da kowa, sai dai kai naka sautin ya riga ya fashe.

Inda dariya ba ta da wurin zama

Akwai wani wasan Amurka mai suna M*A*S*H da aka nuna daga 1972 zuwa 1983, labarin likitocin soja a yaƙin Koriya. Barkwanci ne, amma a tsakiyar jini da mutuwa. Masu shirya shi ba su so a sa dariyar aro ba, tashar CBS ta dage. Daga ƙarshe aka yi sulhu: za a sa, amma ban da ɗakin tiyata. Da BBC ta nuna shi a Ingila kuwa, ba tare da dariyar ta nuna shi ba, mutanen can suka san shi a matsayin wasa mai nauyi da ɗaci. Wasa ɗaya, 'yan wasa ɗaya, amma kunne ya raba shi gida biyu. Daga baya wasanni irin su The Office, wanda BBC ta fara a 2001, suka watsar da dariyar aro ɗungurungum, suka mayar da shirun jin kunya ya zama shi ne abin dariyar.

Ni ma na koyi wannan darasin, amma da tsada. Ni da wasu abokaina mun taɓa haɗa wani gajeren wasa a Mafara: baƙauye ya kawo akuya kasuwa, dillalai suna ta yi masa wayo, shi kuma yana ta shirme. A ƙarshe an taya akuyar da arha, sai ya rungume ta ya ce, "Ita ɗai ta rage min." Ni na tace bidiyon a waya. Da yake na ga haka kowa ke yi, duk inda ya rufe baki sai in danna dariya, har da wannan wurin.

Muka kai shagon cajin waya na wani abokinmu muka kunna wa mutane. Ana ta dariya. Akwai wani dattijo a gefe yana jiran wayarsa, daga wani ƙauye na ƙasar Maradun ya taso da iyalinsa bayan 'yan bindiga sun kore musu dabbobi. Shi ma da farko yana murmushi. Da aka zo wurin akuyar, dariyar nan ta tashi, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya karɓi wayarsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga wuri ba na dariya ba na." Ya fita.

A daren na cire dariyar daga wurin, ban sa komai ba sai hayaniyar kasuwa can ƙasa-ƙasa da kukan akuyar. Da na sake kallo sai da tsikar jikina ta tashi. Ashe mun rubuta abin tausayi ba mu sani ba, ni kuma na sa taron da babu su suka yi wa mutumin dariya. Kuma abin mamaki, sauran wuraren barkwancin sai suka ƙara armashi, saboda yanzu akwai abin da ke gefensu mai nauyi.

Tun daga ranar nake lura da inda ake danna dariya a wasanninmu. Sau nawa ake danna ta a kan mai in'ina, ko gurgu, ko mai taɓin hankali, ko matar da miji ya kai wa hannu? Ɗan wasan bai faɗi wani abin dariya ba, an dai nuna mutum da lalurarsa an kunna maka taro. In ka bi su ka yi, ƙanenka da ke gefe ya koyi cewa haka ake yi wa irin waɗannan mutanen.

Gwaji uku da za ka yi da kanka

Na ɗaya, ɗauki wasan barkwancin da ka fi so ka kashe sautin gaba ɗaya na minti biyu. Duba ko nawa ne daga dariyar ya rage.

Na biyu, mayar da sautin ka rufe ido. In har kana gane wa ke magana, a ina ake, kuma me ake ciki, to mai haɗa sautin ya ci kuɗinsa.

Na uku, duk inda ka ji dariyar aro, maimaita maganar da aka faɗa a bakinka, kai kaɗai. In har yanzu tana ba ka dariya, marubucin ya yi aiki. In kuwa ka ji ta salam, to maɓalli ne ya sa ka dariya.

Ga masu haɗa wasa da waya

Na san da yawa cikinku kuna ɗaukar bidiyo a Mafara da Bakura da Maradun da Gusau, ga kaɗan daga abin da na koya:

Kusantar da makirfo. Duk sanda tazarar baki da makirfo ta ninka, kana asarar kusan desibel 6. Ƙaramin makirfon maƙalawa a riga ya fi sabuwar waya amfani. In babu, sa waya ta biyu a aljihun ɗan wasa ta naɗi murya, ku tafa hannu sau ɗaya a farkon ɗauka don ku samu wurin daidaita sauti da hoto.

Nisanci janareta da injin niƙa da bakin titi. In iska na kaɗawa, musamman da hunturu, rufe makirfon da ɗan soso ko safa.

Fara daidaita murya ita kaɗai, sannan ka shigo da sautin wuri, sannan ƙararraki, kiɗa a ƙarshe. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, CapCut da KineMaster ma suna ba ka damar rage kiɗa a ƙarƙashin magana.

In ka ga lallai sai ka sa dariya, tara abokanka ka nuna musu wasan ka naɗi tasu ta gaskiya. Inda ba su yi ba, kada ka ƙara, koma ka gyara rubutun. Kada kuma dariya ta hau kan magana, bari kalmar ƙarshe ta dire tukuna.

Kafin ka saki, saurara a sifikar waya mafi araha da ke gidanku, a tsakar gida, yara suna wasa. In an gane kowace kalma a nan, ko'ina za a gane.

Kammalawa

Ba na cewa dariyar aro haramun ce a fim. Mr. Bean da dariyar 'yan kallonsa ya yi kashi 15 kacal tsakanin 1990 da 1995, amma har gobe ana kallonsa a ƙauyukanmu, domin ko an cire dariyar abin dariyar yana nan. Matsalar tana wurin wanda ya ɗauko ta don ya rufe ramin da ke cikin labarinsa, ya manta cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Kakata ta rasu ban ba ta amsar tambayarta ba. Da tana nan da na ce mata: Kaka, babu kowa a cikin akwatin, mutum ɗaya ne a wani ɗaki da yatsansa a kan maɓalli. Ku kuma in kun zauna kallo a daren yau, ku ɗan ba kunne dama, ku ji ko dariyar da kuke yi taku ce ko ta mai maɓallin.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba Zamfara da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya, amin.